TALALA BA AFUWA BA CE

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzonsa da alayensa tsarkaka da sahabbansa zaɓaɓɓu.



Sau da yawa idan zalunci ya daɗe za ka ji ana tambaya, wai me ya sa Allah Ta'ala ya ƙyale azzalumi yana ta sheƙe ayarsa? To amsar tana cikin kalma guda wadda kullum muke faɗa, amma ba mu cika tsayawa mu dubi asalinta ba. Kalmar ita ce talala.

Talala kalmar masu kiwo ce. Idan mutum ya ɗaure akuyarsa a turke, ya sakar mata doguwar igiya don ta kai bakinta ga ciyawa, ya yi mata talala ke nan. Tana ci tana tsalle, a ganinta sakinta aka yi, alhali igiya na wuyanta, ran da mai ita ya so sai ya jawo abarsa. Daga nan aka samo ɗaurin talala, wato a tsare mutum ba tare da an kai shi kurkuku ba, yana gidansa amma bai isa ya je inda ya ga dama ba.

Abin sha'awa, haka ma abin yake a Larabci. Kalmar da ta zo a Suratul A'araf, aya ta 183, ita ce 'umli', daga 'imla'i'. Tushenta tsawon lokaci ne, shi ya sa Larabawa ke kiran dare da rana 'almalawani'. Kuma malaman lugga sun kawo cewa idan Balarabe ya sassauta wa raƙuminsa dabaibayi, da wannan kalma yake faɗa. Kun ga ashe malamanmu da suke fassara ta da talala a wajen tafsiri ba da ka suka yi ba. Ita ce kuma kalmar da ta zo a hadisin Abu Musal Ash'ari wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, mai bayanin cewa Allah yana jinkirta wa azzalumi, amma idan ya tashi kama shi babu kuɓuta.

To a nan ne ya kamata mu bambance abubuwa biyu. Afuwa ita ce a yafe laifin, a kwance igiyar gaba ɗaya. Talala kuwa hukuncin yana nan, lokacinsa aka ɗaga.

Ku dubi Fir'auna da mutanensa. A wannan Sura ta A'araf, daga aya ta 133 zuwa ta 136, an ba mu labarin yadda aka saukar masu da ambaliya, da fara, da ƙwarƙwata, da kwaɗi, da jini. Da azaba ta ishe su sai suka garzaya wajen Annabi Musa (AS) ya roƙa a yaye masu, da alkawarin za su yi imani su saki Bani Isra'ila. Aka yaye masu zuwa wani ajali, suka warware alkawari. Ƙarshensu cikin teku ne. Amma mutanen Annabi Yunusa (AS) da suka yi imani na gaskiya, sai aka ɗauke masu azabar, kamar yadda ya zo a Suratu Yunus, aya ta 98. Dukkansu an ba su dama, abin da kowa ya yi da tasa ne ya raba su.

Ko a tarihin baya-bayan nan, Shah na Iran ya hau mulki a 1941, ya shekara 37 yana taƙama da soja da 'yan sandan ciki da goyon bayan Amurka. A watan Janairun 1979 ya bar ƙasar, ya yi ta yawo daga wannan ƙasa zuwa waccan, har ya mutu a Alƙahira a 1980. Igiyar ta yi tsawo, amma tana da iyaka.

Saboda haka wanda ake zalunta kada ya yanke ƙauna, kada kuma daɗewar azzalumi ta sa ya miƙa masa wuya.

Sai dai 'yan'uwa, kada mu yi ta hangen na wasu mu manta da kanmu. Mai tauye mudu a kasuwa, da mai danne gadon marayu, da mai riƙe haƙƙin lebura, duk suna ganin ciniki na ci gaba, lafiya lau, sai su ɗauka Allah ya yarda da su. Kowa ya tambayi kansa, wannan sauƙi da nake ciki ni'ima ce ko talala? Alamar a fili take. Idan ni'ima tana ƙara maka tsoron Allah, ka gode. Idan kuwa saɓo yana ƙaruwa, wadata ma tana ƙaruwa, to ka ji tsoro, ka mayar da haƙƙin mutane tun yau, tun kafin a jawo igiya.

Allah ya sa mu cikin waɗanda ya yi wa afuwa, kada ya sa mu cikin waɗanda ya yi wa talala.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi Ta'ala wa barakatuhu.