A Auna Ƙasar Kangon Masana'antu Kafin A Yanka Wa Talaka Fili: Laccar Da Aka Yi A Babura

  

Yau maganar ƙasa na kawo muku, wannan da muke takawa. Na san wani zai ce, Malam, ina ruwan Babura da kangon masana'anta, mu da ba mu da ko ɗaya? To, saurara. Fatar akuyar da ake saye a kasuwannin nan namu, ina ake kai ta? Kano. 'Ya'yanmu masu cin rani, ina suke kwana? Kano, galibi a bayan gari inda haya ke da araha, gindin katangar tsofaffin kamfanoni.

A Kano akwai unguwannin masana'antu uku manya: Bompai da Sharaɗa da Challawa. Majemun zamani da ke can ba da bagaruwa suke jima ba irin ta dukawanmu. Da wani sinadari suke yi mai suna kuromiyam. Shekara da shekaru ruwan dattin Bompai yana bin rafin Getsi ya faɗa Jakara, inda masu lambu ke ban ruwan latas da alayyafo. Na Challawa kuwa kogi yake shiga, ya haɗu da kogin Kano, ya bi ta Wudil ya shigo Jigawa. Da wuta ta yi ƙaranci, kayan waje suka cika kasuwa, kamfanoni da yawa suka rufe, musamman masaƙu. Mai kamfani ya kulle ƙofa ya tafi da ribarsa. Gubar fa? Tana nan kwance. Irin wannan ƙarfe ba ya ruɓewa kamar taki, damina ashirin ba ta cinye shi.

Abin tsoron shi ne ba a gane ta da ido. Sai an haƙa rami an ɗebi ƙasa, an ɗebi ruwan rijiya, an kai ɗakin gwaji. Wannan aiki kuɗi yake ci, kuma ba aikin talaka ba ne.

Ku tuna Zamfara. A 2010 yara suka yi ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ana cewa zazzaɓi ne, ana cewa iska. Sai da aka auna jini da ƙasa aka gane gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Garin Bagega ya zauna jiran kuɗin gwamnatin tarayya har 2013 kafin a fara kankare ƙasarsa, likitoci kuwa sun ce ba amfanin ba yaro magani ya koma wasa cikin ƙurar nan. Wa ya jira shekara uku? Ɗan talaka.

A Amurka, tun 2002 akwai doka wadda gwamnatin tarayya ke ba garuruwan da masana'antu suka mutu a cikinsu kuɗi musamman don gwajin irin waɗannan filaye. In an tarar da fili lafiya, a gina kasuwa ko gidaje. In da guba, a san yawanta da zurfinta kafin a sa hannu. Ba na cewa mutanen can waliyyai ne. Sun dai gane cewa kangon da ba a auna ba, ba mai saye sai wanda aka ɓoye wa gaskiya.

Mu ma ba a ce ba mu da asusu ba. Tun 1981 akwai asusun gyaran muhalli na tarayya, jihohi da ƙananan hukumomi suna da kaso a ciki. Tun 2007 akwai hukumar NESREA mai sa ido kan masu gurɓata muhalli. To ina takardar gwajin? Wa ya taɓa jin an karanta ta a rediyo da Hausa?

Abin da muke nema ba shi da wuya. A ware kuɗi daga asusun nan a auna kowane kangon masana'anta da rijiyoyin da ke kewaye da shi kafin a yanka shi fulotai. A liƙa sakamakon a ƙofar mai unguwa da harshen da muke ji. Inda mai kamfanin ke raye, a kai masa lissafin ya biya.

Ku fatake masu zirga-zirga Kano, in ɗan'uwa ya ce ya samu fili mai araha kusa da tsohon kamfani, ku ce ya tambayi tsofaffin unguwa abin da aka taɓa yi a wurin kafin ya biya, kafin kuma ya haƙa rijiya. Ranar da mai neman ƙuri'a ya tsaya a nan inda nake tsaye, ku tambaye shi nawa ne kason ƙaramar hukumar Babura na asusun muhalli a bara, kuma me aka yi da shi.