Hawan Dutse da Wankan Rafi a Ƙarshen Damina

Ku ajiye fensir da littafi tukuna, yau magana za mu yi a kan ruwa.

Ga shi watan Agusta ya kusa ƙarewa. A ƙasar Zazzau babu watan da ya kai shi ruwan sama, shi ne lokacin marka. An gama maimai, an yi huɗa, aikin gona ya ɗan lafa kafin kaka. Yanzu ne samari ke samun sukunin yawo, wasu su hau dutse, wasu su nufi rafi. Ni ba na hana kowa. Ni ma ina zuwa, kuma ina jin daɗinsa ƙwarai.

Wanda bai taɓa hawa Dutsen Kufena a wannan lokaci ba, ya yi ƙoƙari ya hau. Yana yamma da birnin Zariya, kusa da Wusasa. In ka kai bisa, sai ka ga ƙasa ta yi shar har iyakar ganinka, ga dawa, ga masara, ga birni kwance a gabas. A gindinsa akwai sauran tsohuwar ganuwa ta mutanen dā. Amma ku tafi da safe, ku riƙe sanda saboda maciji a cikin ciyawa. Inda ruwa ke tsiyaya a jikin dutse akwai gansakuka, santsinta kuwa ya fi na kuɓewa. In kun ga hadari ya haɗo, ku sauko nan da nan, gama tsawa ta fi faɗa wa wuri mai tsawo.

To, wannan ke nan. Abin da ya fi damuna shi ne rafi.

Kowane ƙauye yana da gurbin da yara ke wanka. Da rani kun san shi kamar tafin hannunku. Kun san inda ya ke iya gwiwa, kun san inda ya ke iya wuya. To, ku sani gurbin rani dabam, gurbin marka dabam, ko da ya ke wurin ɗaya ne. Ruwa ya kwashe yashi daga nan ya zuba can. Inda yaro ya tsaya bara, bana rami ne. Wani lokaci kuma ruwa ya jawo kututture ya ajiye a ƙarƙashi, yaro ya yi alkafura daga gaɓa ya buga kai.

Abu na biyu, rafi yakan cika ba tare da an yi ko yayyafi a garinku ba. Ku dubi Kubanni. Ƙaramin rafi ne, yana ratsa Zariya ya faɗa Galma, Galma ta faɗa Kogin Kaduna, shi kuma ya kai ruwansa Kwara. Kowannensu ruwan wani wuri ya ke ɗaukowa. Sai a yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a can sama, ku nan rana na haskawa, bayan ɗan lokaci ga ruwan ya iso.

Na ga wannan da idona. Ina saurayi muka je wanka mu biyar, da ƙanen abokina, yaro ɗan shekara kamar tara. Muna tsakiyar wasa sai na ga ruwan ya soma yin ja, ga kumfa da karare suna wucewa. Ban san ma'anarsa ba, na ci gaba da iyo. Kafin mu farga ruwa ya ɗauki yaron. Wansa ya yunƙura zai faɗa, wani tsoho mai su ya daka masa tsawa, ya miƙa wa yaron doguwar gorarsa ya jawo shi. Da wan ya faɗa, da gawa biyu za a nema, domin wanda ruwa ke ci, duk abin da ya kama ba ya saki. Har yau in na tuna nakan ji kunya, gama ni ne babba a cikinsu.

Saboda haka in za ku shiga, ku kafa kara a bakin ruwa. In ruwa ya taɓa shi, ko ya sāke launi, ko kun ji ƙugi daga sama, ku fita. Ku ajiye gora ko igiya a gaɓa, ko jarka marar kome a rufe, wadda za a jefa wa mutum. A mashigi kuma, ruwa mai gudu in ya kai gwiwa yana iya ka da ƙato, balle mace da goyo da kaya a ka. A jira ya janye, ko a nemi masu fito.

Yanzu wani zai ce, "To, Malam, sai mu koma kududdufi da tafki, inda ruwa ke kwance." A nan kuma akwai wata masifa, ita ba ta da gaggawa. Ita ce tsargiya, watau fitsarin jini.

Na sha jin dattawa suna cewa wai alamar balaga ce ga yaro. Ba haka ba ne, ku yi mini gafara. Tsutsa ce. Wani likita Bajamushe mai suna Bilharz shi ya gano ta a Alƙahira a 1851. Ga yadda ta ke yi. Mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar su ƙyanƙyashe, su shiga jikin 'yar ƙaramar katantanwar nan da ke manne da ciyawa a bakin ruwa. Bayan 'yan makonni sai su fito da yawan gaske, ido ba ya ganinsu. Ba sai ka sha ruwan ba. Ta fata su ke shiga, shi ya sa wani in ya fito wanka ya ke jin ƙaiƙayi. Su bi jini su zauna kusa da mafitsara. Bayan wata biyu ko uku, sai a ga jini a ƙarshen fitsari. Yaro ya rame, ya yi fari, ya riƙa gyangyaɗi a makaranta. In aka bar ta shekara da shekaru takan ɓata mafitsara da ƙoda. Mata masu wanki da masu aikin shinkafa a fadama su ma tana kama su, sai dai ba su faye faɗa ba.

Tana da magani, ƙwaya ce da likitoci ke kira firazikwantel. A makarantu akan auna tsawon yaro da sanda, a ba shi gwargwadon tsawonsa, bayan ya ci abinci. Amma wanda ya sha ya warke, in ya koma ruwan nan zai sāke ɗauka. Ruwan wankan yara, in daga tafki aka ɗebo, a bar shi a randa kwana biyu, tsutsar ba ta kai haka da rai in ba ta sami mutum ba. Kuma kada kowa ya tsuguna a bakin ruwa, babba ko yaro.

Kada ku ce abin ya fi ƙarfinmu. Iyayenku sun san kurkunu, sun san yadda ya ke kwantar da manomi damina guda. Da tace ruwa da haƙa rijiyoyi aka kore shi, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar babu shi a Nijeriya.

Wanda ke da yaro mai fitsarin jini a gida, ya kai shi asibiti ran kasuwa mai zuwa, kada ya jira kaka. To, ku ɗauki fensir. Malaminku zai rubuta kalmomi uku a allo, ku kwafa: gurbi, katantanwa, tsargiya.