GEMUN MAƘWABCI: YAURI DA JIHADIN 1804



Gabatarwa

Hausawa na cewa, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kowa ya san wannan karin magana, amma ba kowa ne ya lura da cewa ba ta ce a je a kashe wa ɗan'uwan wuta ba. Cewa ta yi mutum ya duba nasa gemun. A kan wannan zan gina laccata ta yau. Tambayar da ke gabanmu ita ce: idan juyi ya auku a wata ƙasa, aka tumɓuke masu mulki, aka kafa sabon tsari, yaya shugabannin ƙasashen da ke kewaye sukan karɓi labarin, kuma wane suna masu riƙe da alƙalami sukan ba abin? Ƙasar Yauri a zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ita ce ginshiƙin maganata. Amma zan fara ƙetare teku zuwa Amurka, domin a can an ajiye takardu da jaridu na wancan zamani masu yawa, waɗanda za su haska mana hanya kafin mu komo gida.

Amurka da juyi biyu

A shekarar 1789 George Washington ya zama shugaban Amurka na farko, a shekarar kuma mutanen Faransa suka tashi wa sarautarsu. Da farko Amurkawa murna suka yi, ganin cewa su ma ba su daɗe da kuɓuta daga Sarkin Ingila ba, kuma Faransa ce ta taimake su. Amma da aka sare kan Sarki Louis na 16 a watan Janairu na 1793, yaƙi kuma ya ɓarke tsakanin Faransa da Ingila, sai kai ya rabu. Thomas Jefferson da mutanensa suka tsaya a kan cewa juyin Faransa ɗan'uwan nasu ne. Alexander Hamilton da nasa suka ce hargitsi ne, kuma cinikin Amurka da Ingila ya fi ƙarfin a yi wasa da shi. Kowane ɓangare na da jaridarsa a birnin Filadalfiya: ta John Fenno tana bayan Hamilton, ta Philip Freneau tana bayan Jefferson. A watan Afrilu na 1793 Washington ya yi shela cewa Amurka ba ta shiga yaƙin. Idan mutum ya duba rigimar da kyau, zai ga sunan Faransa ake kira, amma gardamar ta gida ce, watau wa zai riƙe Amurka, kuma iyakar ina talaka zai sa baki a mulki.

Juyi na biyu shi ya fi tona asiri. A 1791 bayi baƙar fata na ƙasar da ake kira Haiti a yau suka tayar wa iyayengijinsu Faransawa. Gwamnatin Washington ta taimaki masu bayin da kuɗi da makamai. Shugaba na biyu, John Adams, da ya ɓata da Faransa, sai ya buɗe ciniki da jagoran bayin, Toussaint Louverture, a 1799. Jefferson kuwa, wanda ya yabi juyin Faransa, shi kansa mai bayi ne a Bajiniya. A zamanin mulkinsa Haiti ta ayyana 'yancinta ran 1 ga Janairu 1804, ya ƙi amincewa da ita, a 1806 kuma aka hana ciniki da ita. Sai a 1862, zamanin Abraham Lincoln, Amurka ta yarda Haiti ƙasa ce. Mutum ɗaya ke nan ya kira wani juyi neman 'yanci, ya ɗauki wani tawaye. Abin da ya raba su a idonsa shi ne bayin da ke gonarsa.

Maƙwabtan Gobir

Yanzu mu komo gida. A watan Fabrairu na wannan shekara ta 1804 Shehu ya yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu. Jihadi da juyin Haiti abubuwa ne daban, kowanne da asalinsa da manufarsa. Inda suka yi tarayya shi ne kowannensu ya tilasta wa maƙwabta su faɗi inda suka tsaya. A nan ba jarida. Aikinta wasiƙu ne suka yi shi, da waƙoƙin malamai, da bakin fatake a zango.

Bayan da jama'ar Shehu suka ci nasara a Tabkin Kwatto a watan Yuni na 1804, wasiƙu iri biyu suka bazu a ƙasar Hausa. Sarkin Gobir Yunfa ya aika wa 'yan'uwansa sarakuna yana faɗakar da su cewa abin da ya same shi yana tafe gare su. Shehu shi ma ya aika yana bayyana musu dalilinsa. Katsina da Kano da Daura suka bi bayan Gobir, gidajen sarautarsu kuma suka rasa biranensu. Sarkin Zazzau Jatau ya karɓi kiran Shehu, amma magajinsa Makau ya juya, aka kore shi kudu, inda daga baya zuriyar gidansu ta kafa Abuja. Birnin Kabi ya faɗi a 1805, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita ya ci gaba da yaƙi, Kabawa kuma suka yi ta gwabzawa daga Argungu har zuwan Turawa.

A Barno ne aka yi gardamar alƙalami wadda ta fi kowace zurfi. Bayan faɗuwar Birnin Gazargamu a 1808, Shehu Muhammadu El-Kanemi ya rubuto yana tambayar hujjar yaƙar ƙasar da ta daɗe cikin Musulunci, yana mai kafa hujja da cewa saɓo ba ya mai da Musulmi kafiri. Muhammadu Bello ya amsa da cewa laifin Barno shi ne taimakon sarakunan da ke yaƙar jama'a. Mun san wannan muhawara ne domin Bello ya adana ta a littafinsa Infaƙul Maisuri na 1812. Ku lura, a nan ma rigimar ta suna ce: jihadi ne ko fitina?

Zaɓin Yauri

To, ina Yauri ta tsaya? Sarkin da ke kan gado a Bin Yauri a lokacin shi ne Muhammadu Albishir ɗan Ayi. Bai bi hanyar Kabi ba. Ya yi mubaya'a, aka bar masa sarautarsa, da aka raba sha'anin mulki tsakanin Abdullahi da Bello kuma Yauri ta faɗo a ɓangaren yamma, watau ƙarƙashin Gwandu. Ba a aiko wani mai tuta ya zauna a gadonta ba, kamar yadda aka yi a Kano da Katsina da Zazzau.

Me ya sa ya zaɓi haka? A ganina amsar tana cikin gidansa. Na farko, Yauri ƙasar mashigi ce. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro ta nan da yawansu suke ƙetare Kwara, arzikin fada kuwa ya dogara ga wucewar ayari lafiya. Sarkin da abincinsa ke kan hanya ba ya son yaƙin da zai rufe ta. Na biyu, masu sarautar Yauri Musulmi ne masu magana da Hausa, amma yawancin talakawansu, Gungawa na tsibirai da Kambari na wajen Ngaski da Shangawa da sauransu, suna kan al'adunsu na gargajiya a wancan zamani. Sarki irin wannan ba shi da rundunar da zai haɗa a kan aƙida ɗaya ya tari masu jihadi, kuma in ya tsaya taurin kai, halin ƙasarsa ya isa hujja a kansa. Na uku, ya ga abin da ya sami Birnin Kabi, ga shi nan arewa da shi. Sai ya shafa wa gemunsa ruwa.

Dabarar ta yi amfani. Lokacin da 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka sauka a Yauri a 1830 suna neman takardun Mungo Park, wanda ya halaka a Busa, sun tarar da babban birni mai ganuwa da sarkinsa a ciki. A lokacin Alƙalawa, birnin Yunfa, ta shekara 22 da faɗuwa.

Amma ruwan da aka shafa bai hana wata wuta tashi daga ciki ba. A tsakiyar ƙarni na 19 rikicin gado ya raba gidan sarautar Yauri, yaƙin basasa ya raunana ƙasar. Ana cikin haka Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Atiku, ya kafa Kwantagora, shi da magadansa suka cinye yanki mai yawa na ƙasar Kambari. Bin Yauri ta rasa matsayinta, a 1888 fada ta koma Yelwa. Mubaya'a ta tsare Yauri daga tutar jihadi, amma ba ta iya tsare ta daga rarrabuwar 'ya'yanta ba.

Muryar da ba a rubuta ba

Akwai wani bambanci da ya kamata mu tsaya a kansa. Mai nazarin Amurka yana iya ɗauko jaridar Fenno da ta Freneau ya jera, ya ji bakin kowa. Mu kuwa yawancin abin da ke rubuce game da wancan zamani daga alƙalamin waɗanda suka ci nasara ya fito, sai kuma na Turawa matafiya. Mahadi Adamu ya yi aiki mai daraja a kan tarihin Yauri na ƙarni na 19, ya buɗe ƙofa. Amma yadda Bagunge mai fito da masunci da manomin Kambari suka ji labarin Kwatto, da sunan da suka ba shi, wannan yana cikin kirari da waƙoƙin makaɗa da labaran tsofaffi. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya ci tsibirai da garuruwa, aka tashi dubban mutane zuwa sababbin matsuguni. Labari kuwa yakan rataya ne a jikin wuri: wannan dutse, waccan kuka, wancan mashigi. In wurin ya nutse, labarin yakan bi shi sannu a hankali.

Kammalawa

Saboda haka kirana biyu ne. Ku ɗalibai, musamman 'yan Yauri da Ngaski da Shanga, in kun koma hutu ku zauna gaban tsofaffinku da takarda da na'urar ɗaukar magana. Ku rubuta abin da suka faɗa da kalmominsu, kada ku gyara musu. Ku kuma ma'aikata, ku ne masu rubuta rahoton da wani zai karanta bayan shekara ɗari. Duk ranar da wani abu ya auku a maƙwabta, kafin ku rubuta tawaye ko gyara, fitina ko neman haƙƙi, ku tambayi kanku ko abin da ya faru can kuke bayyanawa, ko kuwa tsoron da ke cikin gidanku.