Ambaliya Tana Da Sababi: Jawabi Ga 'Yan'uwa Matasa

 

'Yan'uwa, a shekarar 2022 kogunan Kwara da Binuwai sun yi ambaliya, sama da mutum 600 suka rasu a Nijeriya. Wasu suka ce ƙaddara ce, suka naɗe hannu. Mun yi imani da ƙaddara, amma Allah ya sanya wa komai sababi.

Masanan World Weather Attribution sun bincika daminar shekarar 2022 a yankin Tafkin Cadi. Suka gano ɗumamar duniya, wadda hayaƙin fetur da kwal ke haddasawa, ta ninka yiwuwar irin wannan ruwa kusan sau 80. Iska in ta ƙara zafi da digiri 1, danshin da take ɗauka yakan ƙaru da kusan kashi 7 cikin 100. Ranar da ta juye shi, kogi ba ya iya riƙewa. A Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya ci Maiduguri.

Manyan ƙasashe suka fi tayar da hayaƙin, raunana ke kwana a kan tudu.

Saboda haka ku yashe magudanai kafin damina. Ku faɗakar da masu gini a bakin kogi. Ku tambayi mahukunta: yaushe za a gyara madatsun?