Rancen Karatu: Amanar Wa?



A 1972 Gwamnatin Janar Gowon ta kafa hukumar ba ɗalibai rance. Da yawa daga waɗanda suka ci moriyarta sun kama aiki, amma ba su biya ba, har ƙannensu suka tarar da rijiyar ta ƙafe. A 2024 an sake kafa irin wannan asusu. Babu kuɗin ruwa a kansa, ana kuwa fara biya shekara 2 bayan hidimar ƙasa, a riƙa cire kashi 10 cikin 100 na albashi.

To, a nan nauyi ya rataya a wuyan mutum biyu. Uban da Allah ya hore wa, in ya tura ɗansa ga rance don ya tattala dukiyarsa, ya ci rabon ɗan talaka. Ɗalibin da ya karɓa kuwa, kada ya ce kuɗin gwamnati ne, ba su da mai su. Suna da mai su: yaron da yau yake firamare a ƙauyenku. Ku biya, domin shi ma ya samu.