Ya da Ƙanwa a Dakar

Yau zancen 'yan'uwa mata ne masu fita ƙasar waje tare, ya da ƙanwa, kuma ƙasar da nake so su sa a ransu ita ce Senegal. 'Yar Najeriya ba ta buƙatar biza kafin ta shiga, albarkacin ECOWAS.

In an gayyace ku gida a Dakar, kada ku ƙi. Za a shimfiɗa tabarma a kawo babban faranti na cebujen, dafa-dukan shinkafa da kifi, ga rogo, kabeji da karas a kai. Asalinsa garin Saint-Louis ne, kuma a 2021 UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya. Kowa gabansa yake ci, da hannun dama. Uwargida ce za ta riƙa ɓare kifin tana turo muku. Wannan kulawa tana taɓa zuciyata ƙwarai.

Bayan abinci sai shayin ataya, zagaye uku, na farko da ɗaci, na ƙarshe zaƙi zalla. A nan amfanin tafiya biyu yake fitowa: in kunya ta kama ƙanwa, yaya ta ja hirar. Ku tafi da tsarabar kilishi ko turaren wuta domin masu masauki.