Masu Bin Sawun Cuta

 

Yau hirarmu a kan mutanen nan ce da kan yi sallama da takarda a hannu, suna tambaya: wane yaro ne ya fara zazzaɓi, yaushe, ina kuke ɗebo ruwa? Su ne masu bin sawun cuta. Likita yana duba marar lafiya ɗaya, su kuwa gari guda suke dubawa har su gano inda ciwo ya ɓullo.

A 2008 aka kafa shirin horar da su a Nijeriya, tare da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Ibadan. Ana ɗaukar likitocin mutane da na dabbobi da masu awon jini, a koyar da su shekara biyu. Zaman aji kaɗan ne. Yawancin karatun a ƙauyuka da unguwanni ake yinsa, kowane ɗalibi da ƙwararren da ke tsaye a kansa, kamar yadda kika koyi tuƙin tuwo a gefen mahaifiyarki.

A 2010 yara suka yi ta mutuwa a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum ta Zamfara, da amai da jijjiga. Ɗaliban nan na cikin waɗanda suka bi gida-gida suna tambayar iyaye mata, aka auna jinin yara da ƙasar tsakar gida. Ashe gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake dakawa a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Da aka gane, sai aka fitar da dakan daga gida, aka kankare ƙasar aka zuba sabuwa, aka yi wa yara magani.

To 'yar'uwa, ranar da jikin yaro ya fara zafi, wa ya sani in ba ke ba? Namiji kuwa iyakarsa zaure. Shi ya sa ake bukatar mata a aikin nan. In sun zo, da iznin maigida, ki ba su amsa tsakani da Allah, kar kunya ta sa ki ɓoye. In kuma Allah ya ba ki 'ya mai ƙwaƙwalwar lissafi da kimiyya, ku zauna da mahaifinta, a bar ta ta yi nisa a karatu.

Allah ya raya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa, a huta lafiya.